Yadda Malam Abdulkabir Ya Tsallake Takin Basiru

An haifi Malam Abdulkabir a wani ƙauye na ƙasar Tofa, inda gonaki suka matsi juna har mutum ba zai yi atishawa a tasa ba sai maƙwabci ya yi masa addu'a. Jiragen da ke tashi daga Kano sukan ratsa ta saman ƙauyen. Sauran yara sukan ɗaga musu hannu su koma bakin aiki, shi kuwa sai ya tsaya da fartanya a kafaɗa, baki buɗe, har ƙarar ta ɓace. Mahaifinsa ya lura da haka damina biyu a jere, ya gane wannan ba zai ci abinci da noma ba, ya kai shi wurin mai gyaran inji.

Shekara talatin ya yi yana gyaran injin niƙa da na ban-ruwa da janareta. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya uku, bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Yana da shekara hamsin da biyu surukinsa ya ba shi babbar waya, a cikinta ya ga mutanen wasu ƙasashe suna ƙera ƙananan jirage a bayan gidajensu, su hau su zaga gari su dawo, ba fasinja ba kaya. Ya kalla da idon bakanike, bai ga komai a ciki ba sai walda da inji da haƙuri, kuma duka ukun yana da su.

Aikin ya ci shekara biyu. Gangar jikin ta fito daga tsofaffin gadajen ƙarfe, injin na babban babur ne, tayoyi uku na baro, mazaunin kuwa farar kujerar roba ce da aka yanke wa ƙafafu. Farfelar wani masassaƙin turmi ne ya sassaƙa ta da maɗaci, bayan ya tambaya sau uku me za a daka da ita. Matarsa Halimatu Sadiya ta ɗinka tamfol ɗin fikafikan a kekenta, bisa sharaɗi ɗaya: kada a faɗa wa danginta da hannunta a ciki.

Sai da jirgi ya kammala Malam Abdulkabir ya gano abin da mutanen cikin waya ba su faɗa ba, domin su ba su da matsalarsa. Jirgi yana bukatar fili. A lissafinsa sai taku ɗari uku, gonar da ya gada kuwa taku ɗari da goma ce, har da jujin da ke kusurwa. Daga nan sai layin gamba na iyaka, sai gonar Basiru.

Basiru ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana". Manomi ne na gaske, irin wanda in ya ga ciyawa a gonar wani yakan ji kamar shi aka zaga. Da aka je masa da maganar aron fili, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya yarda.

"Na ba ka, bawana. Amma ka san gona ba ta hutu. Sai an yi girbi, an kwashe kara, shanu sun gama kiwon harawa. Kunyoyin da za ka baje, kai za ka baje su. Ranar da na fara kai taki kuma, filin jirginka ya rufe."

Da aka cire wannan aka cire wancan, shekara guda ta Malam Abdulkabir ta koma kwana goma sha biyu.

Shekara uku a jere ya yi gwaji, kuma duk iri ɗaya ne. Yakan sa hular kwano, ya yi bisimilla, a murɗa farfela, jirgi ya zabura ya ratsa gonarsa, ya bi ta giɓin da aka yi a gamba, ya shiga ta Basiru da gudu mai ban sha'awa, ya je ƙarshe ya tsaya cak kamar wanda ya tuna ya bar murhu a kunne. Sai ya sauko, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iska ba ta dace ba. Mutanen ƙauye suka raɗa wa jirgin suna Jimina, tunda ga fikafikai ga gudu, amma ƙafa ba ta rabuwa da ƙasa.

Iska ba ta da laifi. Duk lokacin da ya ji tayar gaba ta fara sauƙi, sai hannunsa ya sassauta totur da kansa, ba tare da ya nemi shawararsa ba. Yakan ce a ransa akwai sauran fili, bari a ƙara taku ashirin. Fili kuwa, in mutum yana ta ƙara taku ashirin, ƙarewa yake yi. Wannan sirrin shi kaɗai ya san shi, sai Halimatu Sadiya da ba a faɗa mata ba.

A shekara ta huɗu Basiru ya same shi a rumfar gyara ya ce, "Bawana, bana ce ta ƙarshe. Baɗi rogo zan dasa in kewaye da darni. Rogo kuwa ka san ba ya tashi daga gona don wani zai tashi."

Malam Abdulkabir ya ce, "Kai dai ba ka son ci gaba."

"Ina so. Shi ya sa zan dasa rogo."

Saboda haka kwana goma sha biyun nan su ne suka rage wa burinsa na tashi a duniya, domin babu wata gona a jere da tasa sai ta Basiru. Ya baje kunyoyi da hannunsa har bayansa ya riƙe. Ana gobe gwaji injin ya fara tari, ya kwance shi, ya ga sai an sauya zoben fistan, kuma irinsa sai a birni. Kafin ya samo, ya ɗaura, ya gwada, kwana goma sha biyar sun wuce.

Ranar Laraba da hantsi ya turo Jimina bakin gona, ya tarar da gonar Basiru ta yi ado. Tsibin taki ne jere reras, kowanne ya kai gwiwa, taku biyar tsakanin wannan da wancan, daga iyaka har iyaka. Basiru na tsaye da jakinsa yana kakkaɓe mangala.

"Basiru, me na gani haka?"

"Taki, bawana. Ko a waya ba su nuna maka shi ba?"

"Kwana uku kawai na ƙara!"

"Ni ma kwana biyu na ƙara maka. Jiya na fara. Ka dubi gabas, hadari ya fara leƙowa. In ruwa ya sauka ba ni da taki a gona, jirginka zan tuƙa wa iyalina su ci?"

A ƙasar nan ana iya aron gonar mutum, ana iya aron jakinsa, amma ba a taɓa masa tsibin taki. Malam Abdulkabir ya san haka, jama'ar da suka taru su ma sun sani, har wasu sun fara juyawa gida. Ya dubi gonarsa, taku ɗari da goma. Ya dubi tsibin farko da ke zaune daidai bakin giɓin gamba. Ya sa hular kwano.

Halimatu Sadiya, da ke tsaye daga nesa cikin mayafi, ta ce, "Malam, in ka karye ba ni da mai ɗebo ruwa." Bai ji ba, an riga an murɗa farfela.

Jimina ta zabura. A taku na saba'in tayar gaba ta yi sauƙi, hannunsa ya fara halinsa. Sai ya ɗaga ido ya ga tsibin taki ya taso masa, baƙi ƙirin, ɗanye, na awaki da na bayan gida a gauraye, kuma babu taku ashirin da za a ƙara. Birkin baro ba zai tsayar da shi ba. Ya tuna farar rigar da ke jikinsa, ya tuna bakin Basiru. Ya murɗe totur har ƙarshe, ya ja sandar tuƙi zuwa cikinsa, ya rufe ido.

Jijjigar tayoyi a ƙasa ta ɗauke. Abin da ya fi tunawa ke nan daga baya, yadda kujerar roba ta daina dukan bayansa, komai ya yi laushi kamar an ɗora shi a kan ruwa. Ya buɗe ido don ya ga duniya daga sama, ya ga tsibi na uku.

Sai da mutum huɗu suka zaro shi. Bai karye ba, farfela ce ta rabu biyu, farar rigar kuma ba ta sake zama fara ba.

Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce ya tashi, wasu suka ce tsalle ne, tsalle kuwa ko kwaɗo yana yi. Aka kira mai unguwa, Malam Abdulrashid, wanda ya saba raba rikicin iyaka. Bai tambayi kowa ba, ya bi sawun tayoyi kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Sawu ya zo har taku biyu kafin gamba ya ɓace. Tsibi na farko yana nan da tsininsa, na biyu ma haka, ko kashin akuya ɗaya bai gangaro ba. Ya auna da ƙafarsa, taku goma sha huɗu babu sawu.

Ya ce, "Mai gona, takinka ne. Me ka gani?"

Basiru ya daɗe yana duban tsibin nan biyu, yana neman inda taya ta shafa. Da ya rasa, ya ce, "Tsakani da Allah, ta sama ya bi."

Malam Abdulkabir, da ake zuba wa ruwa a ka da buta, ya ce a maimaita, kunnensa ya toshe. Aka maimaita. Ya ce bai ji sosai ba.

"Ka ji, bawana, kada ka ishe ni," in ji Basiru. "Shekara uku na ba ka fili fetal ba ka tashi ba. Da na san taki kake jira, da tun shekarar farko na kawo maka."

Ruwan shuka ya sauka ranar Asabar. Basiru ya baje takinsa duka, har da tsibi biyun, duk da roƙon da aka yi masa ya bar su don masu zuwa kallo. Malam Abdulkabir ya koma rumfarsa da injinan ban-ruwa. In baƙo ya tambaye shi ko gaskiya ne ya taɓa tuƙa jirgi, yakan ci gaba da ɗaure noti, ya ce a je a tambayi Basiru, yana cikin rogonsa.