Abin da Inna Yelwa Ta Gani a Wajen Wanka

"Wallahi ba ni zuwa Gusau, Malam! Sai bayan bikin Muzdalifa."

"Hussaina, abin da ke ƙirjinki ya san da wani biki?"

"Ka rage murya. So kake duk Bungudu ta ji? Dangin yaron suna bincike, su ji uwar amarya na asibitin ciwon daji, mi kake tsammani? Su ce gado ne, su fasa."

"To gadon ne?"

Inna Yelwa, da ke tsintar wake a gindin katangar da ta raba gidanta da na Malam Labbo, mijin Hussaina, ta ji hannunta ya tsaya cikin faifai. Ita ta san amsar.

Yelwa mai wankan gawa ce. Daga kakarta ta koya, tun tana sabuwar bazawara. Babu mace a unguwar da ta rasu a shekarun nan ba ta bi ta hannunta ba. Ba ta karɓar komai sai ragowar sabulu. Ka'idar aikin ɗaya ce, kakarta ta ɗora mata tun ranar farko: abin da ido ya gani a bayan labule, da likkafani ake naɗe shi. Yelwa ta riƙe wannan har ta zama abin misali. Ko hira ake a gidan suna, in aka taɓo mamaci, sai ta tashi neman buta.

Ita ta wanke mahaifiyar Hussaina. Ita ta wanke Hassana, abokiyar tagwaicin Hussaina, da aka dawo da ita daga Tsafe. Dukansu biyu an ce zazzaɓi ne. Dukansu biyu Yelwa ta ɗaga zane ta tarar da nono ya ɓare, an lulluɓe shi da garin magani. Uwar ta ɓoye wa 'ya'yanta, Hassana ta ɓoye wa 'yar'uwarta, Yelwa ta taya su ɓoyewa.

Ta taɓa tambayar jikarta Zulai, ma'aikaciyar jinya a Gusau, ba tare da ambaton suna ba, ko ciwon nan yana bin jini.

"Yakan bi, Inna," in ji Zulai. "Akwai wani sinadari a jikin mace, shi ke tafiyar da al'ada da ciki. Kowane jiki da yadda yake sarrafa shi ya fitar, kuma wannan ana gadonsa kamar tsawo. Wasu gidajen haɗarinsu ya fi. Ba dole ba ne ya kama kowa. Amma wadda ta san da shi a gidansu, ba ta jira."

Yelwa ta ce Allah ya kyauta, ta ja bakinta. Ta kira shirun nan amana. Yau, da wake a cinyarta, ta dubi amanar da kyau, sai ta hango wani abu a ƙarƙashinta. Ranar da aka ji Yelwa ta yi magana, wa zai sake aiko mata? Ba ta da miji, ba ta da gona. Darajarta duka a wannan rufaffen bakin take.

Ta ajiye faifan, ta yafa zane, ta zagaya.

Ta tarar da Hussaina ita kaɗai a ɗaki, Labbo ya fita a fusace. Ba ta tsawaita gaisuwa ba. Ta faɗa mata abin da ta gani a jikin uwarta, da na Hassana, dalla-dalla.

Hussaina ta dafe ƙirji. "Inna, ke da ba ki magana?"

"Yau na yi."

"Hassana ta ce mini zazzaɓi ne..." Kuka ya ci ƙarfinta. Can ta ɗago. "To Muzdalifa fa? In suka fasa?"

"In suka fasa, wani ya zo. Ita ma ɗiyar taki jinin nan ne a jikinta. Ki faɗa mata da bakinki, kada ta ji a bakin irina."

Hussaina ta miƙa hannu ta jawo mayafinta daga kan ƙofa.

Yelwa ta riga ta fita. A bakin zaure ta juyo.

"Yi sauri mu samu motar Gusau, ɗiyata. Na wanke biyu a gidanku. Ke nake so ki tsaya a kaina ranar da za a wanke ni."