Tabon da Tas Ya Goge

Sunansa na yanka ya ɓace tun shekarar da ya buɗe shago. Kowa Tas yake kiransa, don duk hoton da ya miƙa wa mutum sai ya ce, "Duba nan, ya fito tas." Shagon ɗan lungu ne daura da ofishin shige da fice, tsakanin mai buga takardu da mai sayar da ambulan. Akwai farin ƙyalle a bango, da fitilu biyu masu lema, da kujera marar majingini, da madubi wanda aka ɗaure mataji a jikinsa da zare don kada wani ya yi gaba da shi. Kwamfuta tana can kusurwa, kuma a gabanta ya ƙarar da shekara goma sha shida.

Ɗaukar hoton ba ta cin minti ɗaya. Ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, kada ka yi murmushi, ƙyas, an gama. Aikin gaske sai ya zauna ya kama linzamin kwamfuta. Ƙurji ya tafi, gumin goshi ya tafi, baƙin ƙasan ido ya tafi, furfurar da ta leƙo daga hula ta koma inda ta fito. Ba ya tambayar kowa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce a mayar masa da ƙurjinsa. Har ta kai idan yana hira da mutum a bakin titi, ɗan yatsansa na motsi a cikin aljihu, yana gyara masa fuska.

Bai yi aure da wuri ba. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ta yi faɗa har ta gaji ta zuba masa ido. Yana da shekara arba'in da ɗaya ya tafi wata ƙasa sayen injin wanke hoto, tafiyar mako biyu ta koma wata biyu saboda jiran kayan gyara. A ƙasan masaukinsa akwai kantin magani, a kantin kuma akwai wata mace mai tabo a kumatun hagu, daga gindin kunne har kusa da baki. Gilashin taga ne ya faɗo mata tana 'yar shekara bakwai. Ranar farko Tas ya tsaya yana kallon tabon da idon sana'a, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, idan ka gama kallo, maganin me kake so?" in ji ta.

Kunya ta kama shi, ya sayi maganin tarin da ba ya yi. Washegari ya dawo ya sayi wani. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure a can, ya yi wata guda tare da ita, sannan ya dawo gida don ya nema mata biza. Harshensu ɗaya, ba sa buƙatar tafinta, fasfo ne kawai ya raba su.

To, nan fa ake yin ta. Mutumin da ya shekara goma sha shida yana ce wa masu bin layi "sai haƙuri" daga bakin shagonsa, yau ga shi a layin da fayil a hammata. An nemi takardar aure ya kawo, an nemi shaidar sana'a da ta ɗakin da za ta zauna ya kawo. Ɗakin ma har ya sake masa fenti, ya sauke tsofaffin kyamarori daga kanta ɗaya ya bar mata wurin kayanta. Abu na ƙarshe a jerin shi ne hujjar cewa auren na gaskiya ne, wato hotunansu tare. Da ya karanta wannan layin sai ya yi dariya, don a ganinsa an zo gidansa.

Ya zaɓi goma sha biyu daga cikin na watan da suka yi tare: a bakin kantinta, a falon mahaifiyarta, a tashar mota ranar da ta raka shi. Wata Laraba da rana, babu mai ɗaukar hoto, ya zauna da niyyar gyara haske kawai. Ya gyara hasken. Daga nan hannu ya ci gaba da abin da ya saba, sabo kuwa turken wawa ne. Kada a yi masa ƙarya a ce bai lura ba, ya lura sarai. Da ya ga kumatun ya fito sumul a hoton farko, daɗi ya ji, ya ɗauka wata kyauta ce ya yi mata. Kafin la'asar ya bi sauran goma sha ɗayan.

Yaya ta biyo ta shagon a hanyarta ta komawa gida, ta tarar da hotunan a shimfiɗe suna shan iska. Ba ta taɓa ganin amaryar ido da ido ba, amma sun sha gaisawa ta bidiyo. Ta ɗauki ɗaya, ta matso da shi, ta nesanta shi.

"Kai, ina abin nan na kumatunta?"

"Yaya, hoto ne fa. Ana ɗan gyarawa."

"Ita ta ce ka gyara?"

"Wa ke ƙin kyau?"

"Oho dai. Garin neman gira akan rasa ido," in ji Yaya, ta ajiye hoton ta ɗauki jakarta. Shi kuwa ya jera su cikin fayil, washegari ya miƙa.

Wata huɗu shiru. Ana cikin na biyar aka kira matarsa zuwa ofishin jakadanci a can ƙasarsu domin tambayoyi. Tun safe Tas ya ajiye waya kusa da linzami, yana ɗaukar mutane rabin hankalinsa na kanta. Sai bayan azahar ta kira, kuma daga sallamarta ya san ba lafiya ba.

Ta ce tambayoyin duk ta amsa: shekarunsa, sana'arsa, sunan yayarsa, har kalar ƙofar shagon. Daga nan ma'aikaciyar ta buɗe fayil ta zaro hotuna, ta jera su a bayan gilashi. Ta dubi fasfo, ta dubi hotunan, ta dube ta, sannan ta ɗora yatsa a kan ɗaya ta ce, "Wannan ke ce?"

"Sai kika ce me?" in ji Tas.

"Na daɗe ina kallo. Rigata ce, ɗankwalina ne, kai ne a gefe. Na ce mata a'a, ba ni ba ce."

"Haba! Don Allah me ya sa? Ai da kin yi mata bayani, gyara ne kawai irin na aiki!"

"Tambayata aka yi, na faɗi abin da na gani." Muryarta ba ta tashi ba, kamar tana karanta wa mai saye yadda ake shan magani. "Shekara talatin ina wanke fuskar nan kullum, ban taɓa ganinta haka ba sai yau, a gaban baƙuwa. Ashe waccan kake jira. To, ka nema mata bizar, ita ba ta da fasfo ma balle a tsare ta."

Ta kashe wayar. Bayan kwana tara takarda ta iso, layi uku kacal: an ƙi, saboda an sauya hotunan da aka gabatar, kuma ba za a sake karɓar buƙata ba sai bayan shekara guda. Mai buga takardu ya karanta ya ce ai an yi masa da sauƙi. Tas bai ji sauƙin ba. Shekarar ba ita ta fi damunsa ba, sabon fom ɗin da za a sake cikewa ne, don akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafi na huɗu da babu mai sa hannu a ciki sai ita. Ita kuwa ta daina ɗaukar wayarsa.

Yaya ba ta ce "ai na gaya maka" ba, abin da ya fi faɗar ciwo. Takan zo ta share ɗakin, ta kakkaɓe labulen da ba wanda ya taɓa, ta goge kantar nan da babu komai a kanta, ta tafi.

Allah ya taimake shi bai share katin kyamarar ba. Ya wanke hotunan goma sha biyu yadda aka ɗauke su, da gumin goshinsa da idonsa ɗaya a lumshe a na tashar mota. Wasiƙa kuwa sau huɗu yana yagawa. Ta farko ta ɗora laifin a kan hannu, ta biyu a kan sana'a, sauran biyun ma duk kame-kame ne. A ta biyar ya rubuta, "Na gani da idona na goge, kuma na ji daɗi da na goge. Ba ni da abin kare kaina. Ga fom, in kin ga dama." Ya haɗa duka a ambulan ɗaya ya aika.

Mako uku yana aiki kamar kullum, ɗaga haɓa, sauke kafaɗa. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin shago sai ya leƙa. Ranar wata Litinin da hantsi mai kai saƙo ya miƙo masa ambulan, ya sa hannu ya karɓa, ya koma kusurwa ya zauna kafin ya buɗe. Babu wasiƙa a ciki. Ya wuce kai tsaye shafi na huɗu, ga sa hannunta a cikin akwatin, ƙanana-ƙanana kamar yadda take rubutu a kwalin magani. Daga nan ya ga wani abu maƙale da fom ɗin.

Hoton fasfo ne, sabo, wanda ta je ta ɗauka a wurin wani mai hoto na unguwarsu. Kai, aikin bai yi ba ko kaɗan. Fitila ɗaya aka haska, inuwa ta kwanta a bayan kunne, ƙyallen bango ya yamutse, ga shi ta ɗan karkata fuska ta yadda tabon ya fito ɓaro-ɓaro daga kunne har baki. Ɗan yatsansa ya fara motsi a kan tebur. Ya juya hoton, a bayansa ta rubuta kalma uku da biro: "Kada ka taɓa."

Ya ɗauko gam ya shafa a hankali, gefe-gefe don kada ya ɓata rubutun, ya manna hoton a gurbinsa, ya danne da tafin hannu har ya kama. Ya sa fom ɗin a fayil ya ajiye a aljihun tebur, ya duba kalandar bango. Saura wata goma da kwana shida.