Gurbin Da 'Yata Ta Bar Mini A Insha'inta

Ina kan keken ɗinki da hantsi wayata ta yi ƙara. Ɗan tsohuwar maƙwabciyata ne, ya ce mamansu ta rasu da safe, kuma har jiya tana tambaya ko na zo. Na ajiye wayar, na dubi jakar makarantar 'yata da ke rataye a ƙusa.

Ni tela ce a unguwar Rikkos da ke Jos, karatuna bai wuce firamare ba. Da can a unguwar Congo-Russia muke, gida ɗaya da wannan baiwar Allah, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kayan miya. Hausarta ta kasuwa ce, "kai" take ce mini ba "ke" ba, kullum ina gyara mata tana dariya. Rikici ne ya raba mu. A ranar rikicin mijina ya fita duba shagonsa, bai dawo ba. Na kwashi 'yata muka dawo Rikkos, su kuma suka koma Jos Jarawa. Tun daga nan ƙafata ba ta sake taka wancan ɓangaren garin ba. Ko Keke Napep na hau, in na ga ya nufi can sai in sauka.

Watan jiya aka ba su 'yata aikin gida a makarantar sakandare: su rubuta insha'in da zai shawo kan wani ya yi wani abu. 'Yata ta zauna kusa da kekena tana bayyana mini tsarin da malamarsu ta koyar. Ta ce da farko za ka faɗi abin da kake so a fili. Sai ka kawo hujjoji uku, mafi ƙarfi a ƙarshe. Daga nan ka kawo hujjar wanda bai yarda da kai ba, ka faɗe ta da gaskiya, ka ba ta amsa. Sannan ka rufe da kira. Na tambaye ta wa za ta shawo kansa. Ta ce ni. Ta ji labarin matar nan tana kwance, tana so mu je mu duba ta.

Ta karanta mini hujjojinta. Hanyar ba nisa. Mutane suna zuwa kullum suna dawowa lafiya. Ta ukun ita ce matar ce ta riƙa goya ta lokacin da nake jinya bayan haihuwa. Sai ta nuna mini wurin da ta bari fari a takardar, ta ce nan gurbina ne, in gaya mata dalilina don ta amsa shi. Har da tsokana, wai Umma in ba ni da hujja to na faɗi jarrabawa.

Dalilina shi ne babanta, da hanyar da ya bi, da tsoron kada in kai ta can in dawo ni kaɗai. Ban taɓa furta mata haka ba. Maimakon in faɗa, sai na daka mata tsawa, na ce ta canza batu kada ta jawo mana ido. Ta rubuta wani a kan shara a unguwa ta kai. Na farkon ta ninke ta bari a jaka.

Yanzu na gane abin da malamarsu take nufi. Hujjar da ba a faɗa ba, ba mai iya amsa ta. Da na buɗe baki, wataƙila yarinyar tana da amsa, ko ɗan matar ya zo ya raka mu. Iyaye 'yan'uwana, in ɗanku ya tambaye ku dalili, ku faɗa masa ko da muryarku na rawa. Kada ku mayar da tsoronku tsawa.

Yau kwana tara da binne maƙwabciyar tawa. Ban je gaisuwa ba tukuna. Takardar na ciro ta daga jakar, tana cikin aljihun kekena, gurbin nan har yanzu fari ne.