Keken Gwamnati a Fadamar Horo Birni

Ban taɓa mantawa da ranar da na goyi keke ba. A daminar ƙarshe ta mulkin farar hula na jamhuriya ta biyu ne, ina ƙaramin malamin dabbobi a Boɗinga, ciwon bushiya yana ta kashe shanu. Allurar rigakafinsa a cikin ƙanƙara ake ɗaukar ta. In ƙanƙarar ta narke, magani ya mutu.

Motar ofis ba mai, saboda tsuke bakin aljihu. Shugabanmu ya miƙa mini fulas ɗin maganin da keke sabo fil, ya ce in kai wa Arɗo Manu a rugarsa, bayan Horo Birni.

"Keken ga na gwamnati na, kai kas sa hannu," in ji shi. "Ko ƙararrawa tab ɓace, ka san sauran."

Daga garin Shagari na yanke ta burtali, wato hanyar shanu da ta ratsa fadama tsakanin tuddai. Da farko ina tuƙi har da fito. Can laka ta kama taya, ta cushe ko'ina, keke ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wani dattijo mai ciyawa ya ce, "Malam, jingine shi ga giginya ka tahi da ƙahwa, ba mai taɓa shi." Na ce masa kayan hukuma ba a barin su a daji. Na saɓa keke a kafaɗa, fulas a hannu, ruwa har gwiwa. Tafiyar awa ɗaya ta zama huɗu.

Na iske Arɗo ya tsare shanu tun safe, ko kiwo ba su fita ba. Na buɗe fulas, ruwa ne zalla, har ya yi ɗumi. Da na yi allurar na cika takarda, ba wanda zai gane. Na kasa. Na ce, "Baba Arɗo, maganin ya mutu."

Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "To, shi dai ya iso lahiya."

Kwana shida kafin a samo wani maganin. Na koma, na ratsa fadamar da ƙafa, na tarar ya rasa shanu tara. Bai tayar da maganar ba, har nono ya sa aka ba ni, kunya ta hana ni sha. A ofis kuwa an yaba mini, keke ya dawo cif.

Ku sabbin ma'aikata, abin da kuka sa wa hannu daban, abin da aka aike ku yi daban. Ni shanu tara na wani bawan Allah suka koya mini.