Ƙwan Lantarkin Ɗakinmu

A unguwarmu a Garwa, daga gidan maƙwabci ake jawo wuta, kuma da yawan ƙwayayen lantarki ake biya, ko ka kunna ko ka kashe. Shi ya sa Baba bai taɓa sa wa ƙwan ɗakinmu makunni ba. Cewa yake abin da aka riga aka biya, kashe shi asara ne. A ƙarƙashin wannan ƙwan aka yaye ni, a nan na yi rarrafe. Ban san duhu ba sai ranar da aka ɗauke wuta.

Na girma barcina a juye. Mutane na hamma, ni ina wartsakewa. Ana kiran asuba, idona na rufewa. Makaranta ta kore ni. Kamfanin auduga ma ya sallame ni, bayan an tsince ni ina minshari a kan buhu. An yi rubutu, an yi turare, shiru kake ji.

Ƙarshe dai Kawu, yayan Inna, ya ba ni mabuɗin shagonsa na atamfa. Sharaɗi ɗaya ne: in buɗe da sassafe, lokacin da matan ƙauye ke shigowa kasuwa. Na san daga wannan babu sauran mai ɗaukata.

A makon ne 'yar Kawu, mai karatu a jami'ar Maruwa, ta zo shagon tana shan mangwaro. Ta nuna mini ƙananan ƙudajen da suka taru a kan ɓawon. Wai su ma suna da agogo a jiki, kuma hasken da suka samu tun suna tsutsa yana iya sauya musu lokacin tashi da na kwanciya idan sun girma. Na ce to, ashe ina da dangi. Muka yi dariya. Na tambaye ta ko suna warkewa.

"Yaya, mutum ba ƙuda ba ne," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Amma profesanmu bai ce mana suna warkewa ba."

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Har tsakuwa na zuba a ƙarƙashin tabarma don kada barci ya yi mini nauyi. Wata ranar kasuwa na farka rana ta take, na ruga ko takalmi babu. Na tarar Kawu ya ɓalle kwaɗon, yana auna wa wata mata yadi da kansa, duk da tsufansa. Na tsaya jiran zagi, don da zagin ya fi mini sauƙi. Sai ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗin.

"Je ka kwanta, ɗana," in ji shi.