Hannun Yayana da Sifirin Motata

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar rani, jim kaɗan bayan sallar la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Mu uku ne a wurin: ni, da yayana wanda muke ciki ɗaya, da ɗan gwaggonmu, abokin wasana tun ƙuruciya. A lokacin ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano. Mutanen garinmu kan saurare ni da safe a gona, rediyo na rataye a reshe, kuma duk abin da ya fito daga bakina ya zauna ke nan. Na saba da haka har na daina rarrabe abin da na sani da abin da na iya faɗa da daɗin murya. Ban taɓa ba kowa wannan labari yadda ya faru ba, shi ya sa na rubuto muku.

Ina da ƙaramar jif 'yar Kwatano wadda nake zuwa gida da ita duk ƙarshen mako. Hanyar gefen kanal da buhunan shinkafa da albasa da nake komawa birni da su sun gama da shakazobarta, wato ƙarafan da ke rage mata jijjiga. In na faɗa rami sai ta yi ta rawa kafin ta natsu, in na taka birki sai ta dunguri ƙasa da hanci, ga mai yana tsiyaya a jikin ƙarafan. Inna ta ce ita ta daina shiga, don ba ta yi niyyar hawa kwalekwale ba. Na sayi sababbi na gaba da na baya, na zuba a but, da niyyar kai ta gareji ranar Litinin. Kafin nan na kalli yadda ake canzawa a waya. Na baya ba su da wuya. Na gaba kuwa kowace tana cikin wani ƙaton sifirin da aka matse, noti ɗaya ne a sama yake riƙe da shi. Mai nunawar ya damƙe sifirin da wasu ƙarafa masu haƙora kafin ya taɓa notin, ya kuma maimaita cewa kada wanda ya kwance shi ba tare da su ba. Na gani, na ji, na fahimta. Ina so a riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya ba rashin sani ba ne.

Ɗan gwaggona ne ya ga kayan da na buɗe but zan ɗauko tsarabar Inna. Nan take ya samu abin yi. Ya ce a garin nan mutum kan baje injin ban ruwa a kan tabarma ya mayar da shi kafin layin ruwa, wato lokacin da ake sakar wa gonarsa ruwa, ya wuce shi, amma ga ɗan rediyo zai ɗauki 'yan ƙarafa ya kai su har Kano. Ya kama tafin hannuna ya nuna wa Yaya, ya ce ko amarya ta fi ni kanta a tafin hannu. Ya tambaye ni ko na san ɓangaren da noti yake kwancewa, ko sai an sanar a kanun labarai. Yaya yana dariya yana cewa ya ƙyale masa ƙane, kowa da abincinsa. Abokin wasa ba a yi masa fushi, ramawa ake yi, kuma kullum da baki nake kayar da shi. Ran nan sai na ji ina so in kayar da shi da hannu. Na ce wa Yaya ya ɗauko sifanunsa.

Mun canza na baya lafiya lau. Yaya ya tsufa a gyaran injin ban ruwa, hannunsa ya san ƙarfe, amma bai taɓa aikin mota ba, don haka ni ke ba da umarni yana bi. Ɗan gwaggona ya fara rage murya, ni kuwa kaina ya fara girma. Muka ɗaga gaba, muka tokare da duwatsu, muka ciro ta dama ɗungurungum muka shimfiɗe a tabarma. Yaya ya shafa sifirin ya tambaye ni, da sunan da yake kirana tun ina yaro, ko abin nan ba shi da ƙarfi a cikinsa. A nan ya kamata in ce yana da shi, ba mu da kayan aikinsa, mu tsaya. Sai na dubi ɗan gwaggona yana murmushi. Na gyara murya kamar ina gaban makirfo, na ce ƙarfin kaɗan ne, in muka ɗaure shi da roba ya wadatar. Duk wanda ya yi noman rani ya san robar da nake nufi, tsohon tub ne ake yankawa siri-siri a naɗe bakin mesa da shi don kada ruwa ya tsiyaye. A wurinmu babu abin da roba ba ta riƙewa. Yaya bai ƙara tambaya ba. Muka naɗe sifirin tam, ya durƙusa ya danne samansa da hannu biyu, ni kuma na kama sifana na fara kwance notin.

Ƙarar da na ji kamar an harba bindiga ce. Robar ta tsinke, murfin ƙarfen da ke saman sifirin ya tashi ya daki katanga ya fasa yaɓe. Yaya bai yi ihu ba. Ya koma da baya ya zauna a ƙasa, yana salati a hankali, yana riƙe da hannunsa na dama, wanda ya lanƙwashe a wuyan hannu ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Maƙwabta suka fito, Inna ta fito ba mayafi. Kafin in buɗe baki, Yaya ya ce shi ne ya yi gaggawa, ƙanensa ya hana shi bai ji ba. Ya faɗa yana kallon ɗan gwaggonmu, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ni da nake cika gari da magana kowace safiya, na tsaya da sifana a hannu ban ce uffan ba. Dattawa suka ce a kai shi wurin mai ɗori. Sau da yawa na karanta a shirin lafiya cewa karayar da ta taɓa gaɓa tana buƙatar hoto a asibiti. Mai ɗorin ma, da ya taɓa wurin, ya ce ƙashin ya farfashe, da an kai shi birni ya fi. Yaya ya ce tumatirinsa ya fara nuna, ba zai je ya kwanta ba. Da na matsa da ya je, don bai taɓa musa mini a irin wannan ba. Ban matsa ba. A asibiti ana tambayar yadda abu ya faru, kuma da na yi magana za a gane muryata. Wannan shi ne dalilin, babu wani.

Tumatir ba ya jiran mai jinya. Ɗan gwaggonmu ya haɗa ban ruwan gonarsa da ta Yaya, amma mutum ɗaya ba ya kama layin ruwa biyu, gefe guda na gonar Yaya ya ƙone. Na riƙa zuwa ƙarshen mako ina jan mesa ina gyara kwamin tumatir, hannuna ya yi bororo ya fashe. Ɗan gwaggonmu yana gani. Amma tun daga ranar hatsarin bai sake yi mini wasa ba. Yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo, kuma wannan gaisuwa ta fi duk tsokanarsa ciwo. Da daga baya na kai Yaya asibiti, likita ya ce ƙashin ya riga ya kama a karkace.

A hanyarmu ta dawowa na tsayar da mota a gefen kanal na roƙe shi gafara. Na gaya masa na san sifirin yana da ƙarfi, na san akwai abin da ake damƙe shi da shi, na ɓoye. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne, amma yana da sharaɗi ɗaya: kada Inna ta ji, domin labaraina ne karin kumallonta, kuma ba ya so ta riƙa jin muryata tana tuna hannunsa. Na amsa. Har yau ban san ko don ita na amsa ba ko don kaina.

Ga masu mota, kada kowa ya kwance shakazobar gaba a ƙofar gida. Sifirin da ke ɗauke da nauyin mota ba roba ba, ba igiya ba, ba ƙarfin hannun ƙato ba ne zai riƙe shi. A kai wa masu kayan aikinsa. Ga kuma duk wanda Allah ya sa ake yarda da maganarsa, a gida ne ko a wurin aiki, ya sani cewa yardar nan takan sa wani ya ɗora hannunsa a inda aka ce masa ba komai. In aka tambaye ka abin da ka san yana da haɗari, ka faɗa, ko da za a yi maka dariya har magariba. In kuma ka riga ka yi ɓarna, kada kunya ta sa ka yi shiru a lokacin da magana za ta iya rage ta. Kuskurena na farko ya karya hannun, shiruna ne ya bar shi a karkace.

An ƙarasa aikin motar a gareji a makon da ya biyo, ina zaune a benci ban gama shan ruwan leda ba. A garinmu har yanzu an san Yaya ne ya yi gaggawa. Da hannun hagu yake jan igiyar injin ban ruwa.