Rumfar da Baba Ya Kafa a Tsakiyar Gona

Shekarar da annoba ta sa aka kulle Kano, ofishinmu ya ce kowa ya ci gaba da aiki daga gida. Na tattara kayana na shiga motar Ajingi tun kafin a rufe hanya, na wuce garinmu Toranke. Aikina shi ne kiran masu tarin fuka a waya, in ji ko suna shan magani, in ya ƙare in san yadda zai isa gare su.

A garinmu kuwa, wanda ya dawo daga birni ba Sallah ba, ba rasuwa ba, magana ɗaya ce: an kore shi. Ban cika kwana uku ba aka fara yi mini jaje. Wata gwaggona har da dafa ni, wai in yi haƙuri. Na yi bayani har bakina ya gaji. Wa zai yarda mutum yana aiki alhali ga shi nan da silifas?

Ba su ne damuwata ba, Baba ne. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, balle ya zaunar da ni ya tambaye ni. Shi ya raba ni da fartanya ya kai ni makaranta lokacin da 'yan'uwansa ke masa dariya. Yanzu ya daina fita majalisa. Na san yana ganin ƙarya nake masa don in rufa wa kaina asiri, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Sabis ba ya kamawa a cikin gida, sai kan wani tudu a tsakiyar gonarmu, inda Baba ya fi zuba taki. Can nake tsayuwa kullum cikin rana, waya a kunne, littafi a hannu, shi kuma yana sharar gona daga nesa.

Wata rana da hantsi ya zo da fartanya biyu. Ya ajiye ɗaya kusa da ƙafata, ya kawar da kai.

"Noma ba abin kunya ba ne," in ji shi.

Kafin in buɗe baki waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga Gaya, tana kuka: maganin mahaifinta ya ƙare kwana biyar ke nan, an hana fita, tari ya tsananta. Na kira ma'aikacin asibiti, na kira wani mai babur da ke da izinin wucewa, na dawo ina lallashinta. Sai da ta sake kira ta ce magani ya iso sannan na tuna Baba na tsaye. Da na juya, ya ɗauke fartanyarsa ya yi nisa.

Washegari na tarar da rumfa a kan tudun. Itace huɗu, rufin kara, turmi a kife, ga tulu da ruwan sanyi. Na zauna a kan turmin, na buɗe littafina.

Da ruwa ya sauka, Baba ya shuka gero kewaye da rumfar, ya bar mini 'yar hanya. Mutumin da ke cusa wake har a gindin shinge, shi ne ya bar wuri mafi kyau a gonarsa babu shuka. Rannan wani makiyayi ya nufo da shanu, sai na ji Baba ya ɗaga murya.

"Bi ta can, malam. Yana ofis."

Bayan an buɗe gari, shugabarmu ta tambaye ni yadda aka yi ban taɓa fashi ba, alhali babu mai duba ni. Ina zan iya makara, gero na tashi ta ko'ina sai wurin da nake zaune?

Rumfar ta daɗe da faɗuwa. Bana ma na je gida da damina, na leƙa gonar. Baba bai shuka wurin ba.